Badi'uz Zamani Al-Jazari (1136–1206): Rayuwar Maƙerin Fada da Darasinta ga Ɗaliban Kimiyya na Kudancin Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Al-Jazari, injiniyan da ya yi wa sarakunan birnin Amid hidima a ƙarshen ƙarni na 12, wanda masana tarihin fasaha suke lissafawa cikin magabatan masu ƙera mutum-mutumi mai motsi da kansa. An dubi asalinsa da zamanin da ya rayu da zamansa a fada, sannan aka yi bayanin na'urorin da ya ƙera da littafin da ya kammala a shekarar 1206. Maƙalar ta nuna cewa abin da ya raya aikinsa har ya iso ga mutanen yau shi ne tallafi mai ɗorewa da ya samu daga masu hali, haɗe da umarnin da suka ba shi na ya rubuta sirrin sana'arsa domin mai koyo. Daga nan aka auna wannan darasi da gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare, da kuma halin da makarantun yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke ciki.

Fitilun Kalmomi: Al-Jazari, mutum-mutumi, ƙira, agogon ruwa, ɗaliban sakandare, tallafin masana'antu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1989 wani maƙirƙiri ɗan Amurka mai suna Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST domin jawo hankalin matasa zuwa ga kimiyya da ƙere-ƙere. A 1992 ƙungiyar ta shirya gasarta ta farko a ɗakin wasannin wata makarantar sakandare a garin Manchester na jihar New Hampshire, inda tawaga 28 suka fafata. Tsarin gasar shi ne kamfani ya ɗauki nauyin tawagar ɗalibai, ya ba su kuɗi da kayan aiki, ya kuma turo injiniyoyinsa su zauna da su har su ƙera mutum-mutumin da zai yi wani aiki da aka ƙayyade. Shekaru da dama ana ba kowace tawaga mako shida kacal ta gama ƙirarta. A 2017 aka faɗaɗa abin zuwa gasar duniya a birnin Washington, wadda ta tara ɗalibai daga ƙasashe fiye da 150, ciki har da na Afirka, kuma jigonta a wannan shekarar shi ne samar da tsabtataccen ruwa.

Mutane da yawa a ƙasar Hausa suna kallon wannan fage a matsayin baƙon abu wanda ba shi da saiwa a tarihin ilimin da suka gada. Rayuwar Al-Jazari ta isa ta gyara wannan fahimta. Fiye da shekara 800 da suka wuce, wannan bawan Allah ya ƙera makaɗa na itace da tagulla masu kiɗa ba tare da hannun mutum ba, ya ƙera bara mai zuba ruwan alwala ya miƙa tawul, ya kuma ƙera famfo mai ɗaga ruwan kogi zuwa tudu. Duk wannan ya yi shi ne a ƙarƙashin inuwar masu arzikin zamaninsa, wato sarakuna, kuma ya rubuta shi cikin harshen Larabci wanda malaman zaure na Katsina suke karantarwa da shi har gobe.

2.0 Suna da Asali

Cikakken sunansa shi ne Abul Izzi Isma'ila ɗan Razzazu Al-Jazari. Ana yi masa laƙabi da Badi'uz Zamani, wato gwanin zamani wanda babu irinsa. Kalmar Razzazu tana nufin mai sana'ar shinkafa, abin da ke nuni da cewa zuriyarsa ta 'yan kasuwa da masu sana'a ce. Ita kuwa nasabar Al-Jazari ta fito ne daga Jazira, sunan da Larabawa suka ba ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furatu ta wajen arewa, wadda a yau ta rabu tsakanin Turkiyya da Siriya da Iraƙi. A cikinta akwai garin Jaziratu ibn Umar, wanda Turkawa ke kira Cizre, kuma mutanen garin suna alfahari da shi a matsayin ɗansu. Littattafan tarihin kimiyya suna sanya haihuwarsa a shekarar 1136.

Ya kamata a bambanta shi da wasu mashahurai biyu masu irin wannan nasaba. Na farko shi ne Ibnul Jazari, malamin tajwidi da ƙira'o'in Alƙur'ani wanda almajiran ƙasar Hausa suka sani ta hanyar Muƙaddimarsa, shi kuwa ya rasu a 1429, fiye da ƙarni biyu bayan wanda ake magana a kansa. Na biyu shi ne Ibnul Asir Al-Jazari, masanin tarihi da aka haifa a 1160, wanda ya yi zamani da shi. Wannan ya nuna cewa yankin Jazira ƙasa ce da ta yi fice wajen fitar da masana a fannoni daban-daban.

Kusan duk abin da tarihi ya riƙe game da rayuwarsa daga gabatarwar littafinsa ya fito. A nan ne ya bayyana cewa ya fara da nazarin littattafan magabata a kan na'urori masu motsi, ya daɗe yana bin sawunsu, kafin ya kai matsayin da ya dogara ga abin da idonsa ya gani kuma hannunsa ya gwada. Ya ambaci waɗanda ya amfana da su, kamar 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, waɗanda suka rubuta littafin dabarun na'urori a Bagadaza a ƙarni na 9, da kuma wani littafin agogon ruwa da ake jingina wa Arshimidas, masanin Girka. Bai ɓoye bashin da ke kansa na magabata ba, haka kuma bai ji nauyin faɗin inda ya gwada ƙirarsu ya tarar ba ta aiki daidai ba.

3.0 Zamani da Muhalli

Al-Jazari ya rayu a lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, sa'ad da ƙasashen Sham da Jazira suke rarrabe a hannun ƙananan masarautu. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta zuriyar Artuƙ, wani sarkin yaƙi Baturke da ya yi wa daular Saljuƙawa aiki. Zuriyarsa ta rabu gida-gida, wasu a Mardin, wasu a Hisnu Kaifa a gefen kogin Dijla. A shekarar 1183 Salahuddin Al-Ayyubi ya ci birnin Amid da yaƙi, ya damƙa shi ga Nuruddin Muhammadu, sarkin reshen Hisnu Kaifa, wanda yake yi masa biyayya. Amid shi ne birnin da ake kira Diyarbakir a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau. Birni ne da ke kan tudu a saman Dijla, kewaye da ganuwa ta baƙin dutse wadda har yanzu tana tsaye.

Duk da rikicin zamanin, sarakunan gidan Artuƙ sun kashe dukiya a kan gine-gine da sana'o'i. Sun gina gadoji, irin su gadar Malabadi ta shekarar 1147, sun ƙara hasumiyoyi a ganuwar Amid, sun kuma buga kuɗin jan ƙarfe masu ɗauke da siffofi. Ƙasar tana da ma'adinin jan ƙarfe da ƙwararrun maƙeran tagulla, ga kuma ruwan kogi mai gudu duk shekara. Haka nan sana'ar agogon ruwa tana raye a maƙwabta. A ƙofar Jairun ta babban masallacin Dimashƙa akwai wani shahararren agogo wanda matafiyin nan Ibnu Jubair ya gani a 1184, kuma ɗan maƙerinsa, Ridwan As-Sa'ati, ya rubuta littafi a kansa a 1203. Ke nan Al-Jazari ya tashi ne a cikin jama'ar da ta san darajar mai ƙira, ta kuma tanadi abin da zai yi aiki da shi.

4.0 Shekara 25 a Fada

A lokacin da ya rubuta littafinsa, Al-Jazari ya riga ya shekara 25 yana yi wa wannan gida hidima, wato ya kama aiki ne a wajajen 1181. Sarakuna uku ya yi wa aiki a jere. Na farko shi ne Nuruddin Muhammadu, wanda ya rasu a 1185. Daga nan sai ɗansa Ƙuɗbuddin Sukman, sannan ɗan'uwan wannan, Nasiruddin Mahmud, wanda ya hau karaga a wajajen 1200 ya yi mulki har 1222. Sarauta ta sauya hannu sau biyu, amma maƙerar fada ba ta rufe ba, kuma ba a sallami mai ita ba.

Wannan tsawon lokaci shi ne mabuɗin fahimtar nasararsa. Na'ura irin agogon ruwa ba ta daidaituwa a gwaji ɗaya. Sai an huda rami an auna gudun ruwa, a faɗaɗa shi kaɗan a sake aunawa, a jira yini guda a ga ko ta yi daidai da tafiyar rana, a sake dubawa a lokacin sanyi da lokacin zafi. Mai neman abin da zai ci yau ba zai iya wannan jira ba. Fada ta ɗauke masa nauyin ci da sha, ta saya masa tagulla da dalma da katako, ta ba shi damar ɓata kaya a wajen gwaji har ya dace.

Wata rana ya kawo wa Nasiruddin Mahmud wani abu da ya umarce shi ya ƙera. Sarkin ya duba, ya yaba, sai ya nuna masa cewa hasara ce a bar irin wannan wahala ta salwanta, ya kuma umarce shi da ya tattara duk abin da ya ƙera a littafi guda tare da zanensu. Al-Jazari ya bi umarni, ya kammala aikin a shekarar 1206, wadda ta yi daidai da 602 bayan Hijira. A cikin duk abin da gidan Artuƙ ya yi masa, wannan umarni ne ya fi amfanar duniya, domin na'urorin da ya ƙera da hannunsa sun shuɗe tare da fadar, littafin kuwa ya wanzu.

5.0 Littafin da Abin da ya Ƙunsa

Sunan littafin a Larabce yana nufin wanda ya haɗa ilimi da aiki mai amfani a sana'ar dabarun na'urori. Ya ƙunshi na'ura 50 a kashi shida. Kashi na farko agoguna 10 ne, shida na ruwa, huɗu na kyandir. Na biyu tasoshi da siffofi 10 na majalisar nishaɗin sarki. Na uku butoci da tasoshi 10 na wanke hannu da alwala da kuma auna jinin da ake fitar wa majinyaci. Na huɗu maɓuɓɓugan ruwa masu sauya siffa da sarewa mai busa kanta, su ma 10. Na biyar na'urori biyar na ɗebo ruwa. Na shida kuma abubuwa biyar mabambanta, ciki har da ƙofar tagulla ta fadar Amid da kwado mai buɗewa da jeranta haruffa.

5.1 Agogunan Ruwa

Agogon farko a littafin gini ne mai tsawo fiye da mita uku. A fuskarsa akwai ƙofofi 12, kowace sa'a ɗaya takan buɗe, sai shaho biyu na tagulla su saki ƙwallo daga bakinsu ya faɗa cikin tasa ya yi ƙara. A sama akwai faifai mai nuna burujai da matsayin rana da wata, a ƙasa kuma makaɗa biyar masu ganguna da ƙahoni waɗanda ke tashi da kiɗa a wasu sa'o'i na yini. Abin da ke tafiyar da wannan duka tanki ne na ruwa a ɓoye, da wata rufaffiyar buta mai nauyi da ke bisa ruwan. Yayin da ruwa ke raguwa butar tana sauka, tana jan igiyar da ke juya sauran sassan.

Wahalar da ke ciki ita ce ruwa ya fi gudu idan tanki ya cika, ya rage gudu idan ya yi ƙasa. Don magance haka aka sa wani ƙaramin kwano a ƙarƙashin tankin, mai ɗauke da toshiya da ke tashi ta rufe bakin bututu idan ruwa ya yi yawa, ta sauka ta buɗe idan ya ragu. Na'urar da kanta take lura da halin da take ciki ta gyara, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina ilimin sarrafa na'urori na zamani. Bugu da ƙari, mutanen lokacin suna raba yini kashi 12 daga hudowar rana zuwa faɗuwarta, saboda haka sa'ar bazara ta fi ta hunturu tsawo. Al-Jazari ya gwada ma'aunin da magabata suka tsara don wannan sauyi ya tarar da kuskure a cikinsa, sai ya sake rarraba shi ta hanyar gwaji har ya yi daidai da kwanakin shekara.

Agogon da ya fi shahara shi ne na giwa. A cikin cikin giwar akwai ruwa, a kansa kuma kwano mai ƙaramin huji wanda ke cika ya nutse cikin rabin sa'a. Nutsewarsa takan ja igiya ta saki ƙwallo daga hasumiyar da ke bayan giwar, ƙwallon ya fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya rinjayi macijin ya sunkuya, sunkuyawar kuma ta jawo kwanon sama ya zubar da ruwansa ya koma farko. A daidai lokacin ne mahayin giwar yake buga abin da ke hannunsa don a san rabin sa'a ta cika.

5.2 Siffofi Masu Aikin Mutane

A nan ne dangantakar Al-Jazari da mutum-mutumin zamani ta fi fitowa fili. Ya ƙera kwalekwale mai ɗauke da makaɗa huɗu wanda ake sakawa a tafkin fada. Ruwa yana taruwa a wani kwano a cikinsa, idan ya cika sai ya tuntsure a kan wata ƙafa mai juyawa, ita kuma ta juya sanda mai turaku a jikinta. Kowane turke idan ya zagayo yakan ɗaga hannun makaɗi ya sake shi a kan ganga. Farfesa Noel Sharkey na Jami'ar Sheffield a Ingila ya yi nuni da cewa sauya wuraren turakun zai sauya salon kiɗan, wanda hakan wani mataki ne na farko na tsara wa na'ura umarnin da za ta bi.

Akwai kuma tasar wanke hannu mai siffar ɗawisu. Ruwa yana zubowa daga bakin tsuntsun, ruwan da aka yi amfani da shi kuma yana taruwa a ƙasa yana ɗaga wani abu mai yawo a kansa. Idan ya kai wani matsayi sai ƙofa ta buɗe, siffar bara ta fito da abin wanke hannu, idan ya ƙara hawa sai wata ta fito da tawul. Haka nan ya ƙera tasar da ake tara jinin majinyaci a lokacin da likita ya tsaga jijiya, inda siffar magatakarda ke nuna yawan jinin da ya zuba da alƙalaminsa a kan ma'auni, don kada a wuce kima.

5.3 Na'urorin Ɗebo Ruwa

Manomin rani na ƙasar Hausa ya san jigo: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gefe ɗaya, nauyi a ɗaya gefen. Na'urori biyu na farko a wannan kashi jigo ne da aka ɗauke wa mutum wahalarsa. Dabba tana zagayawa tana juya faifai mai haƙora a wani ɓangare na bakinsa kawai, haƙoran su ɗaga maɗebin ruwa ya juye a magudana, idan suka ƙare ya koma cikin ruwa da kansa. A ta biyu ya jera maɗebai huɗu domin dabba ɗaya ta yi aikin huɗu ba tare da nauyin ya faɗo mata lokaci guda ba. Ta biyar ita ce mafi muhimmanci: famfo mai bututu biyu da fistan biyu suna fuskantar juna, wanda gudun kogi ke juyawa. Yayin da ɗaya ke zuƙo ruwa ɗayan yana tura nasa, ruwan kuma ya hau sama da mita 10. Dabarar mayar da juyi ya zama turawa da jawowa, wadda ya yi amfani da ita a nan, ita ce ke cikin injin babur da injin ban-ruwa da ke fadamu a yau.

5.4 Hanyar Koyarwa

Abin da ya fifita littafin a kan na magabata shi ne yadda aka rubuta shi. Kowane babi yakan fara da siffar na'ura da aikinta, sannan ya bi sassanta ɗaya bayan ɗaya: da me za a yi shi, tsawonsa nawa, kaurinsa nawa, ina za a huda, yaya za a liƙe. Zane-zanen suna ɗauke da haruffan da ke nuna kowane sashe. Ya bayyana yadda ake manna katako falle-falle don kada ya kantare, da yadda ake daidaita nauyin ƙafa mai juyawa, da yadda ake goge toshiya da mazauninta har su haɗu ruwa bai ɗiga ba, da yadda ake zuba narkakkiyar tagulla a cikin akwatin yashi, da yadda ake fara yanka samfuri da takarda kafin a taɓa ƙarfe. Ire-iren waɗannan su ne sirrin da masu sana'a suka saba ɓoyewa sai ga 'ya'yansu, shi kuwa ya shimfiɗa su ga duk mai iya karatu.

6.0 Rasuwarsa da Tafiyar Littafin

Ana sanya rasuwar Al-Jazari a shekarar 1206, wato shekarar da ya ajiye alƙalami. Kwafi mafi tsufa na littafin, wanda aka rubuta a wannan shekarar, yana ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. An ci gaba da kwafarsa a Sham da Masar, kamar kwafin 1315 da na 1354, waɗanda wasu shafukansu suka watsu a gidajen tarihi na Turai da Amurka. A farkon ƙarni na 20 wasu Jamusawa biyu, Eilhard Wiedemann da Fritz Hauser, suka yi nazarinsa da harshensu. A 1974 injiniya Donald Hill ya fitar da cikakkiyar fassararsa ta Ingilishi, sannan a 1979 Ahmad Yusuf Al-Hassan ya buga matanin Larabcin a Halab.

Gani ya kori ji. A 1976 aka bi bayanin littafin aka sake gina babban agogon ruwan a Landan domin bikin baje kolin al'adun duniyar Musulmi, ya kuma yi aiki. A yau akwai ƙaton agogon giwa a cibiyar kasuwanci ta Ibn Battuta a Dubai. Mutanen da ba su taɓa ganin Al-Jazari ba, ba su ji harshensa a gida ba, sun ƙera abin da ya ƙera bayan shekara 770, saboda ya rubuta awo bai rage komai ba.

7.0 Darasi ga Yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a fagen lissafi da ƙira. Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan lissafin hatimi da masana tarihin lissafi ke nazari har yanzu. Maƙeran baƙi da na fari suna nan a garuruwa da ƙauyuka. Yaron da ya ƙera motar kara ko ta langa-langa, ya sa mata ƙafafun da ke juyawa da sitiyarin da ke karkata su, ya riga ya kama hanyar da Al-Jazari ya bi. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe hannunsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi na farko ya shafi tsawon tallafi. Kamfanin da ya sayi kayan gasa sau ɗaya, aka ɗauki hoto aka watse, bai yi abin da gidan Artuƙ ya yi ba. Abin da ya sa tsarin FIRST ya yi tasiri shi ne injiniyan kamfani yana dawowa makaranta shekara bayan shekara. A kusa da wannan yanki akwai masaƙar Funtua da kamfanonin gurzar auduga, akwai masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, akwai kamfanonin sadarwa da bankuna da ke cin kasuwar jama'ar. Akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, waɗanda ke da malamai da ɗakunan gwaji. A matakin ƙasa, hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020. Ƙungiyoyin JETS na makarantun sakandare kuwa tsohuwar ƙofa ce da za a iya shigowa ta cikinta.

Darasi na biyu ya shafi rubutu. Ɗaliban sakandare shekara kaɗan suke yi su wuce. Idan tawaga ta ƙera na'ura ba ta rubuta awonta da kurakuranta ba, 'yan bayanta daga farko za su soma. Ya dace duk mai ba da tallafi ya yi koyi da Nasiruddin Mahmud, ya sa rubuta bayanin ƙira ya zama sharaɗi, kuma a yi shi da Hausa tare da Ingilishi, domin maƙeri da bakanike na gari su ma su karanta su gyara.

Darasi na uku gargaɗi ne daga rayuwar Al-Jazari kanta. Cikin na'urorinsa 50, biyar ne kawai na ɗebo ruwa, mafi yawan sauran don ƙawata fada da nishaɗin sarki aka yi su, domin mai biya shi ke zaɓen abin da za a ƙera. Yankin da ke noman masara da dawa da auduga yana da buƙatun da suka fi kofin gasa: ban-ruwan lambu, da sussukar hatsi, da busar da amfanin gona. Gasar da aka ɗora a kan irin waɗannan matsaloli, kamar yadda ta duniya ta ɗauki jigon ruwa a 2017, ita ce iyaye za su ga amfaninta.

Sai dai duk wannan yana buƙatar makaranta a buɗe. Al-Jazari ya yi zamani da yaƙi, amma a bayan ganuwar Amid ya yi aikinsa. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, waɗanda aka sako bayan kwana shida. A 2021 an katse layukan sadarwa na wani lokaci a ƙananan hukumomi da dama na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Yunin 2024 kuma aka kai wa garin 'Yargoje harin da ya ci rayuka masu yawa. Yaran da aka kora daji a wancan dare ɗaliban kimiyya ne, wato ainihin waɗanda ake sa ran su cika tawagogin irin wannan gasa. Saboda haka tsaron makaranta da na hanyar zuwa gare ta yana cikin tallafin da ake magana a kai, kuma shi ne kason da ya rataya a wuyan hukuma.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rayuwar Al-Jazari tun daga asalinsa a Jazira, zuwa shekara 25 da ya yi a hidimar sarakuna uku na gidan Artuƙ, har zuwa littafin da ya kammala a 1206 da yadda aka sake gina na'urorinsa a ƙarni na 20. An ga cewa gwanintarsa ta samu wurin tsayawa ne saboda masu hali sun jure ɗaukar nauyinsa tsawon lokaci, sannan suka nemi ya rubuta abin da ya sani dalla-dalla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan masana'antu da jami'o'in jihar Katsina suka ɗauki makarantun kimiyya na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da irin wannan haƙuri, hukuma kuma ta tsare su, ɗan manomin 'Yargoje da ya taso yana ganin jigo a fadama zai iya zama wanda zai ƙera abin da zai maye gurbinsa.